Tangaran, langa, gilashi ko tukwanen Abuja: da wanne mai tara tsofaffin kwanuka zai fara?

Wanda ya shiga Katako ko Terminus a Jos da niyyar sayen tsofaffin kwanuka, abin da ke fara rikita shi shi ne kayan a cakuɗe suke. Farantin Ingila na kwance kusa da langar da ta fito daga ɗakin wata tsohuwa, ga tambulan na Faransa a cikin kwali ɗaya da na jiya-jiya, mai kaya kuma duk “na da” yake ce musu. Kuɗi ba sa isa a kwashe duka, wurin ajiya ma haka. Dole a zaɓi layi ɗaya a fara da shi.

Jos tana da dalilin tara irin waɗannan kaya. Haƙar kuza ta zaunar da Turawa a Bukuru da Rayfield shekaru da dama, ga 'yan mishan, ga ma'aikatan gwamnati, kuma da yawansu da za su tafi sun bar kayan kicin ɗinsu a hannun kuku da boyi da maƙwabta. A ɗakunan matanmu kuma akwai jeren da aka yi tun kafin zuwan kuloli da roba. Sai kayan gwanjo da ke shigowa daga Turai har yau. Nan za a kwatanta huɗu daga ciki: tangaran, kwanukan fenti, gilashi mai jure zafi, da tukwanen Abuja, tare da 'yar magana kan tagullar Bida.

Abubuwan da za a auna

Tambaya ta farko ita ce: ci za a yi a ciki, ko jerawa? Amsarta ke yanke rabin shawarar, domin akwai kwanon da ya fi kowanne kyau a kabet amma bai kamata a zuba wa yaro abinci a cikinsa ba.

Na biyu farashi. Ba za a kafa adadin naira a nan ba, tunda farashin gwanjo yana bin dala, kuma abin da aka sallama a wannan Asabar ana iya cewa albarka a ta gaba. Ma'aunin da ya fi tsayawa shi ne kuɗin sabon irinsa a kasuwa ranar da ake ciniki. Tsohon da ba shi da tambari kuma ba shi da wani tarihi bai kamata ya wuce kuɗin sabo ba.

Na uku ƙarko: faɗuwa, zafi, sanyi, laima. Na huɗu sauƙi, wato sauƙin samu, sauƙin gane na gaske, da sauƙin cike gurbin wanda ya fashe. Na biyar haɗari, kuma iri biyu ne: na aljihu, wato jabu da gyaran ɓoye, da na lafiya, wato gubar dalma da danginta. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukarta.

Tangaran

Shi ne ya fi jan ido, shi ne kuma ya fi cin kuɗin sabon shiga. Yawancin tsohon tangaran da ake gani a Jos na Ingila ne, daga yankin Stoke-on-Trent: Johnson Brothers, Alfred Meakin, J. & G. Meakin, Royal Doulton, Royal Albert, wani lokaci Wedgwood. Akwai kuma Noritake na Japan.

A fara da kifa farantin a karanta ƙasansa. Kalmar “England” ita kaɗai ta fara zama ruwan dare daga 1891, “Made in England” kuma ta ƙarni na 20 ce. “Made in Occupied Japan” na nufin shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa 1952. “West Germany” ba ya wuce 1990, “Czechoslovakia” ba ya wuce 1992. In an ga rubutun da ke cewa ana iya sa shi a na'urar ɗumama abinci, to kada mai kaya ya ce tun zamanin Sardauna yake. Zanen nan mai jajayen furanni da bakin zinariya na Royal Albert, Old Country Roses, a 1962 ya fito kuma ana yin sa har yanzu; an mayar da aikinsa Indonesiya a 2002, don haka wanda ke ɗauke da sunan Ingila a ƙasansa ya fi daraja wajen masu tarawa.

Tangaran ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ake yawan faɗawa rami. A haska fitilar waya ta bayan farantin. In haske ya ratso har ana ganin inuwar yatsu, tangaran na ainihi ne da aka gasa da wuta mai ƙarfi, ba ya shan ruwa. Wanda aka rubuta wa “Bone China” kusan rabin jikinsa tokar ƙashin shanu ce, ga wanda yake son sanin abin da yake ci a ciki. In haske bai ratsa ba kuma farantin na da kauri, mai yiwuwa farar laka ce da aka gasa da wuta mai sauƙi, irin yawancin kayan Meakin da Johnson Brothers. Wannan ƙyallin samansa ne kawai ke tare ruwa. Da shekaru sun ja sai ƙyallin ya yi 'yan tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo, manja da miya su riƙa shiga ta nan su zauna a cikin lakar. Shi ya sa ake ganin faranti ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, wanki ba ya fitar da shi. Irin wannan na kabet ne, ya gama aikin abinci.

Sai gwajin kunne. A ɗora farantin a kan yatsu uku a ƙwanƙwasa bakinsa da farce ko cokali. Lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga zai yi “ƙwaf” ya tsaya. Sannan a shafa zanen da yatsa. In sumul yake, zanen na ƙarƙashin ƙyalli ne, ya fi aminci. In ana jin tudunsa, a sama aka ɗora shi, kuma irin wannan fentin, musamman ja da ruwan lemo da rawaya, shi ne ake tsoron dalma a cikinsa. Amurka ma sai a 1971 ta fara kafa iyakar dalmar da kwanon abinci zai iya saki. Abinci mai tsami shi ke jawo ta: tumatir, yakuwa, tsamiya, lemon tsami. Bakin zinariya kuma yana tartsatsi a na'urar ɗumama abinci.

Farashi: faranti ɗaya-ɗaya yana da sauƙi, cikakken saiti ne ke da tsada. Saitin mutum shida shi ne manyan faranti 6, ƙanana 6, kwanon miya 6, kofi 6 da 'yan farantansu 6, guda 30 ke nan kafin a zo kan butar shayi da mazubin sukari da na madara. Da wuya a same shi cif a gwanjo. Mai kaya zai ce saura biyu kawai, za a samu. Ba lallai a samu ba, domin zanen da aka daina yi sai dai sa'a. Saitin da ya rasa guda biyu ko uku a yi masa tayin ɗaiɗaiku, kada a biya kuɗin saiti. Mai ɓalli a baki kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin lafiyayye. Butar shayi a fara duba bakin zubawarta da cikin murfinta, nan ne suke fara ɓantarewa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: farantin Bature shimfiɗaɗɗe ne, an yi shi don nama da dankali da wuƙa da cokali mai yatsu. Tuwo da miyar kuka ba su zauna masa ba. Mai son amfani da shi kullum ya fi samun riba a kwanukan miya masu zurfi da kayan shayi.

Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana fasa kofi. A zuba tafasasshen ruwa cikin kofin da ya kwana a kabet mai sanyi, sai a ji “ƙas”. A fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi. Wajen wanki a shimfiɗa tawul a cikin robar, ban da soson ƙarfe, ban da toka, ban da ruwan bilic, domin yana shiga ta tsagar ƙyalli ya ci lakar daga ciki. Wajen ajiya kada a ɗora fiye da shida zuwa takwas, a sa ƙyalle ko takarda tsakaninsu, kada kuma a rataye kofi ta hannunsa.

Kwanukan fenti: langa, samira, fanteka, kwalla

Waɗannan su ne namu, ko da yake da yawansu daga waje aka kawo su. Su suka karɓi jere daga hannun ƙwarya, suka hau bangon ɗakin amarya har kusa da rufi, kafin tangaran da kuloli su ture su. Ga uwa a wancan lokaci, jere ado ne kuma asusu ne: in ta matsu ta ba dillaliya saiti ɗaya. An shigo da su daga Chekoslobakiya da Hong Kong da Sin, sannan aka fara yin su a gida. Kamfanin Nigerian Enamelware a 1960 aka kafa shi a Legas.

Abin da ake kira fenti a jikinsu ba fenti ba ne. Gilashi ne aka narka a kan ƙarfe da zafin da ya kai wajen digiri 800. Shi ya sa launinsu ba ya kodewa ko bayan shekara hamsin, shi ya sa kuma in sun faɗi ba sa fashewa, sai dai gilashin ya ɓalle ya bar baƙin ƙarfe. Daga nan tsatsa ke kamawa.

Ta fuskar kuɗi babu wanda ya kai su sauƙi, kuma dalilin abin takaici ne: masu su sun raina su. Sau da yawa 'yan gwangwan ke kwashe su a kan kilo kamar kowane ruɓaɓɓen ƙarfe. Mai nema ya fi dacewa ta hannun dillalai mata da ke shiga gidaje, ko lokacin da ake rabon gado ko tashi daga tsohon gida, fiye da cikin kasuwa. A yi wa dillaliya bayani dalla-dalla, saiti mai murfinsa, zane iri ɗaya, a kuma yanka la'adarta tun farko.

Wajen dubawa, a ɗaga kwanon a ji nauyinsa. Na da ya fi kauri, na baya-bayan nan shafal yake, yatsa ma na iya lotsa shi. A ɗaga shi sama ta fuskar rana a leƙa ciki, ƙaramar huda za ta nuna kanta. A gwada murfi: ya zauna daram, zanensa kuma ya dace da na jikin, domin an saba haɗa murfin wani da kwanon wani. A bi bakin da farce. Ana shafe ɓalli da fentin mai ko jan farce. Wurin zai fi sauran dushewa, farce na kankare shi, wani lokaci har da wari. Saiti mai shiga cikin juna, daga babba zuwa ƙarami, uku ko biyar, ya fi tarkacen ɗaiɗaiku goma daraja.

Haɗarin lafiya yana ciki ne, ba a waje ba. Wanda cikinsa fari ne sumul babu ɓalli ana iya zuba busasshen abu, ko tuwo a kai wa baƙo. Wanda cikinsa ya ɓalle a bar shi, domin ɓarɓashin gilashi ne ke bin abinci. Wanda cikinsa ja ne ko rawaya ko ruwan lemo, shi ma jere kawai, saboda sinadarin kadmiyom da aka riƙa haɗa waɗannan launuka da shi. Tsatsa kaɗan a baki ana goge ta da lemon tsami da gishiri na 'yan mintuna, a ɗauraye, a busar sarai, a shafa ɗigon man gyaɗa. Babban abokin gabarsu laima ce. A damina, a Jos ko a Abuja, kada a kife su a ƙasan siminti ko a rufe su da danshi a ciki.

Jabu kusan babu, tunda kuɗinsu bai kai a wahala a kwaikwaya ba. Amma fa wanda ya tara su don ya sayar da riba nan kusa zai jira, kasuwarsu a gida ba ta farka ba tukuna.

Gilashi mai jure zafi da faɗuwa

Nan ne mai son amfanin yau da kullum ya fi samun abin da ya biya. Sai dai sunan “gilashi” ya rufe abubuwa daban-daban, kuma rikita su na iya jawo rauni.

Akwai Pyrex. Kamfanin Corning na Amurka ya fito da shi a 1915, daga 1922 kuma kamfanin Jobling ya riƙa yin sa a Sunderland ta Ingila. Na Sunderland ɗin ne mai tambarin JAJ da kambi a ƙasa, wanda ya fi yawa a tsofaffin gidajen Jos. An rufe masana'antar Sunderland a 2007. Garai-garai ɗin Ingila da na Faransa an yi su da gilashin da zafi ba ya kumbura shi sosai, don haka yana jure obin. Na Amurka na baya-bayan nan gilashin yau da kullum ne da aka ƙarfafa. A kalli kaurin bakin kwanon ta gefe: in yana da ɗan kore ko shuɗi-shuɗi, irin na Amurkan ne.

Akwai Duralex na Faransa, tun 1945, mai tambulan ɗin nan masu kusurwa-kusurwa, da Arcoroc. Lambar da ke ƙasan tambulan ɗin Duralex lambar mazubin da aka ƙera shi ce, ba shekara ba, kada a yarda a ƙara kuɗi a kanta. Waɗannan an ƙarfafa su da zafi da sanyaya gaggawa. Suna faɗuwa su yi tsalle ba su fashe ba, amma ran da suka fashe rugu-rugu suke yi kamar gilashin mota. Mai ɓalli a baki ko zurfin karce yana iya tarwatsewa shi kaɗai a kan tebur. Kada a saye shi ko kyauta ne.

Sai farin nan mai kama da madara, Arcopal na Faransa da farin Pyrex mai furanni. Ba shi da nauyi, ba ya shan mai, ba ya riƙe warin daddawa, kuma ana samun sa da yawa, don haka cike gurbi ba wuya. In fentin bayansa ya dushe ya koma kamar alli, yana barin launi a yatsa, a ajiye shi. Tsohon fentin waje na iya ɗauke da dalma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora Pyrex a kan gas ko risho ko gawayi. Na obin ne, ba na harshen wuta ba. Waɗanda aka yi don wuta su ne tsohon CorningWare, fari mai shuɗin fure, da ya fito a 1958, da tukwanen Visions masu launin zuma. Ko su ma a karanta ƙasansu, domin daga baya an yi kwanuka da sunan CorningWare da laka, waɗanda wuta ke fasawa. Kwanon da ya fito daga obin kuma kada a dire shi kan jiƙaƙƙen wuri ko sanyin tayil. A sa katako ko busasshen tawul.

Gilashin da ya yi hazo a jiƙa shi cikin ruwan khal na minti 30. In ya washe, gishirin ruwan rijiya ne. In bai washe ba, fuskar gilashin ce ta ci, kuma ba ta da magani.

Kiristal daban yake. Yana da nauyi, yana walƙiya, in an ƙwanƙwasa yana daɗe yana amo, kuma dalma ce ke ba shi wannan. Cikakkensa na ɗauke da kashi 24 cikin 100 ko fiye. A sha ruwa a ciki ran Sallah ba laifi, amma kada zoɓo ko kunun tsamiya ko lemo su kwana a cikin jug ɗinsa, kada kuma a ba yara.

Farashin gilashi daga sauƙi ne zuwa matsakaici. Murfi shi ke raba ciniki: kwanon Pyrex da murfinsa na asali ya cancanci ƙari sosai, domin murfin ne ke fara mutuwa.

Tukwanen Abuja

Abujar da ake nufi a nan ita ce ta da, wadda ta koma Suleja bayan an ba sabon babban birni sunan. Can Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, ya riƙe ta har 1965. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga a 1954, ta rasu a 1984. Bayan ita akwai mata irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Ba tuluna kawai suka yi ba. Sun yi faranti, kofuna, butocin shayi, tukwanen miya masu murfi, da kwalaben mai masu murfin murɗawa, duk na laka.

An gasa su da wutar da ta haura digiri 1,200, har lakar ta koma kamar dutse. Ba sa shan ruwa, suna da nauyi, sun fi tangaran jure hidima, kuma ƙyallinsu, baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa ko kore mai duhu, daga dutse da toka da laka aka haɗa shi. Ta fuskar lafiya sun fi tsohon tangaran mai fenti kwanciyar hankali.

Haɗarinsu na aljihu ne. A ƙasa ko kusa da gindin ana samun hatimi biyu da aka danna tun lakar na ɗanya: na cibiyar, wato sunan Abuja da haruffan Larabci, da na maginin, kamar LK. Manyan tulunan Ladi Kwali masu zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada suna kai dubban fam a gwanjon Landan, kuma duk abin da ya kai haka za a kwaikwaye shi. Hatimin harafi biyu ba wuyar sassaƙawa gare shi ba. Sannan cibiyar ta ci gaba da aiki da sunanta bayan rasuwarta, don haka “daga wurin Ladi Kwali aka sayo” ba ya nufin hannunta ne ya gina. Kafin a biya kuɗin suna, a nemi tarihin tukunyar: wa ya saya, yaushe, akwai rasit ko tsohon hoton da ta fito a ciki? In babu, a biya kuɗin kyakkyawar tukunya kawai.

Ido sai ya ga na gaske yake sanin na ƙarya. Mutumin Jos yana da gata a nan: gidan tarihi na Jos, da aka buɗe a 1952, yana da zauren tukwanen gargajiya daga sassan ƙasar nan, wurin koyon siffa da zanen da waɗannan mata suka taso da su. Na Abuja kuma ya je Bwari ko Ushafa ya riƙe sababbi a hannu, ya ji nauyi, ya ga yadda ƙyalli ke kwanciya. Wanda kuɗinsa bai kai na tsofaffin ba, sababbin Bwari suna yi masa aikin tebur iri ɗaya.

Tagullar Bida, a taƙaice

Tire da tasa da buta na maƙeran Nupe ba sa fashewa, ana gadonsu. A sa mayen ƙarfe: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Na hannu ana ganin sawun guduma ta baya, zanen kuma ba ya maimaita kansa daidai-wa-daida. Abinci mai tsami yana sa ta yin kore, koren nan kuwa guba ne, don haka goro da dabino da alewa ne nata. A kula da doka: dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta sa kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba a cinikinsu sakaka, ba a kuma fita da su waje sai da izini.

| Kaya | Farashi | Ƙarko | Sauƙin samu a Jos | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Tangaran | Ɗaiɗaiku da sauƙi, saiti da tsada | Yana fashewa, ba ya son sauyin zafi | Ana samu, cikakken saiti da wuya | Ɓoyayyar tsaga, dalma a fentin sama |
| Kwanukan fenti | Mafi sauƙi | Ba sa fashewa, suna ɓallewa su yi tsatsa | Ta hannun dillalai | Ɓallin ciki, gyaran ɓoye |
| Gilashi | Sauƙi zuwa matsakaici | Mai kyau in babu ɓalli | Mafi sauƙi | Ɗorawa a wuta, tarwatsewa |
| Tukwanen Abuja | Matsakaici zuwa tsada ƙwarai | Mai kyau sosai | Da wuya | Hatimin jabu |
| Tagullar Bida | Matsakaici | Mafi daɗewa | Jefi-jefi | Kore, ƙarfe mai wanka, doka |

Wa ya dace da me

Uwargida mai yara da ke son tsohon kaya a kan tebur kullum ta tsaya kan gilashi: farin Arcopal na ci, Duralex na sha, Pyrex mai murfi guda biyu ko uku na obin. In ɗaya ya fashe, Asabar mai zuwa za a iya samun wani.

Mai ƙaramin jari da ke son abin da ke da alaƙa da gidansu ya nemi langa da samira, yanzu da ake sayar da su a kan kilo. Saiti uku masu murfinsu, zane daban-daban, sun isa cika kabet ɗaya. Kafin ya je kasuwa ya fara tambayar gwaggo da inna abin da ke ƙarƙashin gado.

Mai son kayan fita kunyar baƙi, ko mai haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki da abin da ba kowa ke da shi ba, tangaran ne nasa, da sharaɗi: zane ɗaya, daga kamfanin da ya yi shi da yawa, a fara da kayan shayi, a saya da rarar kofi biyu. Wanda zai kai su Abuja ta hanyar Akwanga ya naɗe kowanne daban, ya jera farantai a tsaye kan gefensu cikin kwali, ba a kwance ba, ya cike gurbi da tsumma har kwalin ya daina ƙara in an girgiza.

Mai kuɗin da zai iya ajiyewa shekaru, wanda kuma ba ya ƙyashin yin wata shida yana kallo kafin ya saya, shi ne na tukwanen Abuja. Ya fara da kofi ko ƙaramin kwano mai hatimin cibiyar, na maginin da sunansa bai yi tsada ba, ya bar babban tulu sai ya samu wanda tarihinsa ke rubuce.

Mai yawan tashi daga gidan haya zuwa wani, ko ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki, tagulla da kwanukan fenti ne za su bi shi ba asara. Tangaran da kiristal su jira sai ya zauna wuri ɗaya.